KOFUR BA YA RUFE ƘOFA

Shafi na 31

Masu kirana tun da safe, na ji ku. Ke kuma da kika ce kin ƙona girki saboda jiran Kofur, girkinki dama ba ya rasa dalilin ƙonewa. Ku matso.

Kwamanda tana kan keken ɗinki, allura a baki, wayarta ta yi ƙara. Ba sunanta ba ne Kwamanda. Mijinta ne ya laƙaba mata tun yana soja, wai masu ba shi oda suna da yawa, amma ɗaya ce in ta yi magana ba ya neman ƙarin bayani. Ya bar soja, sunan bai bar ta ba.

Ta duba wayar. Mai Sanyi ne, mai gidan ajiyar naman da Kofur yake aiki.

Ta zare allurar daga bakinta a hankali. Mai gidan aiki ba ya kiran matar ma'aikaci don ya tambayi lafiyar yara.

"Matar Kofur ce?"

"Ita ce, yallaɓai. Ina wuni."

"Ki zo."

"Lafiya dai?"

"Mijinki lafiyarsa ƙalau. Namana ne ba lafiya. Ki zo ki fitar da shi, ko in kira masu fitar da shi."

Ya kashe.

Ta san irin wannan kiran. An yi mata shi daga wurin gadi, ranar da Kofur ya danne mai gyaran wuta a ƙasa don ya sa hannu a aljihu da sauri. Bawan Allah wayarsa zai ciro. An yi mata shi daga wurin motocin haya, ranar da ya tsayar da mota cike da fasinja a tsakiyar titi ya ce kowa ya kwanta, saboda wata baƙar leda a gefen hanya. Ɓawon ayaba ne a ciki. Daga nan labarinsa ya riƙa riga shi isa duk inda za shi. In ya je neman aiki, da an ji tsohon soja ne sai a daina kallon fuskarsa a koma kallon hannayensa.

Gidan sanyi ne kaɗai ya karɓe shi, shi ma sai da yayanta ya sa baki ya ce in wani abu ya faru a tuhume shi. Kuma aikin ya karɓi Kofur. Ba hayaniya, ba taron jama'a, ɗauki ka ajiye. Ya fara ƙara abinci. Ya fara barci ba takalmi a ƙafa. Har ta taɓa kama shi yana yi wa autarsu kukan akuya tana dariya.

In wannan ya tafi, babu wani a bayansa. Ita ta sani, shi ma ya sani.

Ta bar rigar mutane a kan keke da zarenta a jiki, ta fita.

Da ta shiga harabar gidan sanyin, wata babbar mota ce tsaye cike da sabon kaya, injinta na kunne, direba ya ɗora ƙafa a taga yana tsaki. Masu dako suna zaune a inuwar bango ba wanda ya ɗauki komai.

A cikinsu Aku ne ya fara ganinta. Ƙato ne, da furfura a gemu, da 'ya'ya har da suruki, amma bakinsa bai girma tare da shi ba.

Ya miƙe ya ƙame, ya sara mata.

"Kowa ya gyara tsayuwa, Kwamanda ta iso. Antinmu, Janar ɗinki ya kama gari. Ya ce ba shiga ba fita sai ya gama duba lafiyar raguna."

Ba ta kalle shi ba.

"Wallahi kullum sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓa musu wuya. Na ce Janar, wannan an riga an yanka shi, ko ka samu yana numfashi ba inda za shi."

Ya jawo wani farin ƙyalle, irin wanda ake naɗe naman da shi, ya lulluɓa a kai, ya miƙo hannaye yana rawar murya.

"Kofuuur... sanyi nake jiii..."

Wasu suka yi dariya. Wasu suka kalli ƙasa.

Ta tsaya. "Da gemunka."

"Gemu ai gashi ne, Anti."

Mai Sanyi yana bakin ƙofar ɗakin, gajeren mutum cikin rigar sanyin da ba ya cirewa ko rana tana narka kwalta. Bai amsa gaisuwarta ba. Ya nuna mata ƙasa.

Ruwa ne yake fitowa daga ƙarƙashin ƙofar, ja-ja, ya yi hanya har bakin kwata. Ƙuda sun riga sun samu labari.

Ya ɗaga wani guntun katako ya sa mata a gaban ido.

"Kin san wannan?"

"Katako ne, yallaɓai."

"Na gode da kika faɗa mini. Na daɗe ina ganin sanyin ɗakin nan yana raguwa. Na kira mai gyara. Na zagi mai gyara. Na canza mai gyara. Na ɗora wa janareta laifi. Yau na dawo ba a zata ba, na tarar da kwaɗo a rataye kamar an kulle, ƙofa kuwa a sake, wannan abin a tsakani." Ya jefar da katakon. "Mijinki ne mai rufewa. Ashe tunda ya zo bai taɓa rufe ƙofar nan ba."

"Wataƙila mantuwa..."

"Mantuwa ba ta sassaƙa katako. Duba, har gogewa ya yi don kullum." Ya ja numfashi. "Duk naman da ke bakin ƙofa ya saki. Na ce a shigar da sabon kaya a jera har sama, ya ɗauki ƙugiya ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Bai zagi kowa ba. Bai ɗaga wa kowa ita ba. Tsayuwa kawai ya yi. To ni ina da iyali, ban aika kowa ya gwada shi ba."

Ya cire wata rigar sanyi daga ƙusa ya miƙa mata.

"Shiga ki ga abin da ya mayar mini da ɗaki."

Ta saka. Ta tura ƙofar, mai kauri, mai nauyi kamar ta akwatin ƙarfe.

Sanyi ya mare ta. Sai da idonta ya saba da farin hayaƙin ta gani.

Ragunan da aka feɗe, kowanne a naɗe cikin farin ƙyalle, ba ko ɗaya a rataye, ba ko ɗaya a kan wani. Duk an kwantar da su a ƙasa, gefe da gefe, wuyansu ta gefe guda, da 'yar hanya a tsakani daidai wucewar mutum. Kuma kowanne an sassauta masa ƙyallen ta wajen wuya.

Ta taɓa ganin irin wannan jerin. Ba a wurin nama ba.

Yana tsaye a tsakiya, ya ba ta baya, ƙugiyar a hannun dama.

Ta san dokar gidanta. Ba a zuwa masa ta baya, ba a taɓa shi kafin a yi magana. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Kofur. Ni ce. Ni kaɗai ce. Ba komai a hannuna."

Kafaɗarsa ta ɗan sauka.

"Wa ya kira ki?"

"Wanda ya saba kirana in ka yi abin kirki."

"Kar ki taka su."

"Ina kallon ƙafata."

Ta bi 'yar hanyar ta zagayo ta gabansa. Gashin girarsa ya yi fari da ƙanƙara. Idonsa ba ja ba ne, ba na faɗa ba ne. Da na faɗa ne da ta fi samun natsuwa, wancan ta san maganinsa.

"Baban yara, me ya haɗa ka da ƙofar mutane?"

Bai ɗauke ido daga ragunan ba.

"Cewa aka yi ka rufe. Ko yaro ya iya rufe ƙofa."

"So suke su ɗora wani kan wani."

"To su ɗora mana. Kayansu ne."

"Ba a ɗorawa."

"Wa ya ce?"

"Na ƙasa ba ya iya fitowa."

Ta kalle shi. Injin sanyin yana ta gurnani a saman kansu.

"Fitowa ya je ina, Kofur? Raguna ne."

"Na sani."

"Ba kai, ba ƙafa, ba hanji."

"Na ce na sani. Ni na sauke su daga mota. Duk wunin nan na san raguna ne." Ya kalli hannunsa. "In na ɗauki kwaɗon nan ne nake daina sani."

Ta matso kaɗan. Ba ta kai hannu ba tukuna.

"Ka ce mini a fagen daga na ƙarshe motar abinci kake tuƙawa."

"Motar abinci ce."

"To?"

"Da ita ake kawo mana nama. Mai sanyi, irin ta waje ɗin nan." Ya yi ƙasa da murya. "Sai aka wayi gari an fi bukatarta a wani aikin."

Shekara da shekaru tana jiran ƙofar labarin nan ta buɗe, yau da ta buɗe sai ta ji da ma ta tsaya a kan kekenta.

"Ranar gawarwakin sun yi yawa," ya ce. "Na jera su kamar haka, wuri ya ƙare. Na ce wa oga wuri ya ƙare. Ya ce ɗora. Na ɗora. Ya ce rufe. Na rufe, na sa kwaɗo."

"Aikinka ka yi."

"Mun kama hanya, sai na ji bugu."

"Kofur..."

"Daga baya. Na ce oga, ana bugu. Ya ce ramukan hanya ne, kaya ne ke motsi. Muka ƙara gaba. Na ce oga, wannan ba rami ba ne, rami ba ya jira ya sake. Ya ce hanyar nan wanda ya tsaya a kanta ba ya sake tashi, in ina so in koma bayan motar in kwanta da su sai in taka birki." Ya yi wani abu kamar murmushi. "Ba ƙarya ya yi ba. Haka hanyar take."

"Sai ka wuce."

"Sai na wuce. Can sai bugun ya daina. Na ce ashe rami ne. Har daɗi na ji."

Sanyi ya gama shiga ƙafafunta. Ba ta motsa ba.

"Da muka isa ni na buɗe. Yana zaune a bakin ƙofar. Zaune, Kwamanda, ya jingina da ita. Daga can ƙasa ya fito, ban san yadda ya yi ba. Ya yage ƙyallensa ya naɗe hannu da shi don ya ji daɗin bugawa." Ya ɗaga nasa hannun ya nuna yadda aka naɗe. "Da ƙofar ta buɗe bai faɗo ba. Ya riga ya daskare a haka."

"Ka san shi?"

"Shi yake mini aski."

Ta rufe ido ta buɗe.

"Shi ya sa nake barin 'yar kafa," ya ce. "Ba da yawa ba. Daidai yatsu. In mutum ya samu inda zai sa yatsu, sauran zai iya."

"Kuma har yanzu kana ji."

"Kullum. Da na juya wa ƙofa baya."

"Ka faɗa wa likita?"

"Ya ce in na ji, in ce wa kaina wancan bugun ne, ba na yau ba. In ji, in wuce." Ya girgiza kai. "Shi ma wuce ya ce. Kowa wuce yake cewa."

Sai a lokacin ta miƙa hannu, a buɗe, a gabansa inda yake gani.

"Ba ni ƙugiyar."

Ya kalle ta kamar bai san tana hannunsa ba. Ya ba ta.

"Muje ofis."

"Za su ɗora su."

"Za su ɗora. Ba kai za ka ɗora ba. Muje."

Ta fito da shi a gabanta. Mai Sanyi ya ga ƙugiyar a hannunta, ya ɗaga wa masu dako hannu. Nan take wuri ya kacame, wannan ya shiga wannan ya fita, kowa da rago a kafaɗa, direba yana ihun a yi sauri. Kofur ya juya zai kalla, ta tare masa da jikinta.

Ofishin Mai Sanyi ɗan ƙuƙut ne, tebur ɗaya, kujera ɗaya, ita ma tasa ce. Suka tsaya.

"Na ji," ya ce. "Ba ni dalili."

Kofur ya buɗe baki. Ta riga shi.

"Ciwo ne, yallaɓai. Daga can ya zo da shi."

"Ni ba asibiti na buɗe ba."

"Gaskiya ne."

"Yayanki ya ce mini mutum ne mai bin doka. Ya ce in aka ce masa tsaya nan, sai an dawo a same shi a nan."

"Haka yake."

"To ni na ce rufe."

"Ba ka faɗa masa ta hanyar da yake jin magana ba ne, ranka ya daɗe. Bar ni in faɗa masa."

Mai Sanyi ya kalle ta sama da ƙasa. Ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da tausayinsu yake da awo, in ya kai layi sai ya tsaya.

"Tunda ya zo ko tsoka ɗaya ba ta ɓata ba," ta ce. "Kafin ya zo fa?"

Ya kawar da kai. Nan ta taɓa shi, don kafin Kofur, naman gidan yana da ƙafa.

"Ba ya makara. Ba ya faɗa. Ba ya zama. Abu ɗaya ne, kuma yau za a gama da shi a gabanka."

"In ya sake fa?"

"Ba sai ka kira ni ba. Ni zan hana shi fitowa daga gida."

Mai Sanyi ya jawo aljihun tebur ya ciro wata igiyar roba, irin wadda in an zarge ta ba ta kwancewa sai an yanke.

"Gobe ba aiki, jibi ma ba aiki, ni kuma tafiya zan yi. Zai rufe da hannunsa ina kallo. Zan zarga wannan a kwaɗon. Mabuɗi yana wurinsa, don shi zai riƙa leƙo janareta." Ya nuna Kofur da robar. "In na dawo na ga an yanke ta, ko gobara ce ta sa, kar ka jira in yi magana. Ka ji?"

"Na ji, yallaɓai."

"Ban ji ka ji ba."

"Na ji."

Da suka fito an gama. Motar ta tafi. Masu dako suna wanke hannu a famfo, wasu har sun kai bakin get. Ta leƙa ɗakin ta kafaɗar Mai Sanyi. An jere su har kusa da rufi, fari kan fari, ba hanya, ba tsari, sai wani ɗan lungu can ciki.

Kofur ya sa ƙafa zai shiga.

Ta riƙe masa riga.

"Ina za ka?"

"Zagaye. In duba su, sai in rufe."

"A'a."

"Sau ɗaya. Ba zan daɗe ba."

"Daga zagayen nan yake fara maka. Ka taɓa wannan, ka taɓa wancan, kafin ka kai ƙarshe sun daina zama raguna. Yau ba zagaye."

"Kwamanda..."

Mai Sanyi ya yi tsaki, ya tura kai cikin ɗakin.

"Akwai wani a ciki?"

Injin ne kawai ya amsa.

"Ka ji. Ba kowa. Ko kana jiran rago ya ce yana nan?"

Ya miƙa wa Kofur kwaɗon. Kofur ya karɓa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, a bakin ɗakin da ruwa yake zama dutse.

Ta tsaya a gabansa ta yi ƙasa da murya, irin muryar da take ajiyewa don ranar da ba wata hanya.

"Kofur. Rufe ƙofar nan."

Ya kalle ta.

"Oda ce?"

"Oda ce."

"In na ji fa?"

"Ka ji, ka wuce. Wancan ne, ba na yau ba."

"In wani ya ce shi ma ya ji?"

"Tsokanarka yake. Ka ga dai irin mutanen da kake aiki da su."

Sai ya tambayi abin da ba ta zata ba.

"In ke ce?"

"Ni kuma?"

"Kina da tausayi. In kika ga ina wahala za ki ce in buɗe in duba don hankalina ya kwanta. Na san ki."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji haushi.

"To ji nan. Ko ni ce na ce ka buɗe, kar ka buɗe. Ko kuka nake. Ko rantsuwa nake. In ka ji na ce buɗe, ka san ba Kwamanda ba ce, matarka ce, ita kuwa ba ta da oda a nan. Ka gane?"

Ya ƙame. Ba da wasa ba, yadda jikinsa ya saba.

"Na gane."

Ya sa kafaɗa ya tura. Ƙofar ta tafi a hankali, ta kai inda katakon yake tsayar da ita kullum. Nan ya tsaya. Ta ga jijiyar wuyansa tana harbawa.

Ya ƙarasa.

Ƙofar ta haɗe da wani sauti kamar an tsotse iska. Ya sa kwaɗo. Ya danna.

Mai Sanyi ya zarga robarsa ya ja ta har ta yi ƙara, ya girgiza kwaɗon, ya ɗaga kai.

"Ka ga? Ba wanda ya mutu."

Ya shiga motarsa ya tafi. Na ƙarshen masu dako ya ɗaga musu hannu daga bakin get, shi ma ya ɓace.

Harabar ta yi faɗi. Rana ta karkata ta bar rabin wurin a inuwa. Ba abin da ke motsi sai janareta.

Kofur yana tsaye yana kallon hannayensa.

"Bari in duba man janareta," ya ce, ya zagaya bayan ginin.

Ta cire rigar sanyin ta rataye a ƙusarta. Ƙafafunta suka ce sun gaji, ta jingina da ƙofar. Ta fara tunanin rigar mutanen da ta bari, da abin da za ta ce wa mai ita. Ta fara tunanin ta biya ta saya wa yara wani abu, ko ba dalili. Har ta ji wata 'yar dariya tana taso mata. Ashe abin da ya hana su barci shekara da shekaru, tura ƙofa ne da kafaɗa.

Sai ta ji bugu a bayanta.

Ba a kunne ta fara ji ba. A ƙashin baya.

Ta miƙe tsaye. Ta ce injin ne. Injin sanyi yana da irin wannan, in ya huta ya tashi.

Ta jira.

Ya sake.

Ta ce kayan ne. An jera su ba tsari, dole wani ya zame.

Ya tsaya. Ya jira. Ya sake, da sauri wannan karon, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen. Ƙarfen ya motsa a hannunta.

Ta juya ta kalli harabar. A gindin bango, inda masu dako suke ajiye baburansu, duk sun tafi sai ɗaya. Na Aku. Kuma ta tsaya a nan tana kallon kowa yana fita, ba ta ga gemun nan ya wuce ba. Mutumin da ya san Kofur ba ya rufewa sai ya bi ya taɓa kowane wuya. Mutumin da in zai ba da tsoro, ba zai amsa kiran Mai Sanyi ba.

Ta waiga tana neman Kofur.

Kofur ya dawo yana goge hannu da tsumma. Tafiyarsa ma ta canza.

"Mai ya isa har jibi. Muje."

"Kofur."

"Na'am."

"Ba ni mabuɗin."

Ya tsaya.

"Akwai mutum a ciki."

Ya kalle ta. Ya kalli ƙofar. Bugun ya sake tashi, su biyu suna tsaye a gabansa.

"Ka ji?"

"Na ji," ya ce, ba tashin hankali ko kaɗan. "Kullum ina ji."

"Ba wancan ba ne. Na yau ne. Aku ne, ga babur ɗinsa can. Wallahi ni ma ina ji, ka sa hannu ka ji."

Sai fuskarsa ta saki. Murmushi ya yi, na gaske, irin wanda rabonta da gani tun kafin ya tafi wurin can.

"Har da rantsuwar," ya ce. "Tun ba mu bar wurin ba kin fara gwada ni."

"Ba gwaji ba ne. Na janye. Na janye odar, Kofur, buɗe ƙofar nan."

Ya zura mabuɗin cikin aljihun ƙirjinsa, ya ɓalle maɓallin a kai. Ya kama wuyan hannunta, a hankali, ba zafi, amma da ta ja sai ta ji kamar a bango aka ɗaure ta.

Ya juya wa ƙofar baya ya nufi get da ita.

"Yau ma ya fi kullum ƙarfi," ya ce. "Amma kin gani? Ina tafiya."